Masu Barci Da Na'urar CPAP: Yadda Ake Wanke Takunkumin Hanci Da Daidaita Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa maza da mata, a cikinmu nan Briqueterie akwai waɗanda likita ya rubuta musu na'urar taimaka wa numfashi a cikin barci, wadda ake kira CPAP, likitocinmu masu Faransanci kuma su ce PPC. Na'ura ce mai tsada, wani ma sai da dangi suka yi masa karo-karo. Amma sau da yawa bayan 'yan makonni sai a tarar da ita a saman kabad. Idan aka bi diddigi, injin lafiyarsa ƙalau. Takunkumin da ake ɗaurawa a hanci shi ne ya gundure shi: ya ji masa ciwo a karan hanci, ko yana hura masa iska a ido, ko ya fara wari. Duk waɗannan suna da magani.

Cutar da ake magana a kai

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yana saki. Ga wasu mutane, musamman masu ƙiba ko kaurin wuya, naman yakan rufe hanyar iska. Sai ka ji minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai mutum ya zabura yana shaƙar iska. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya cutar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 mai tsanani. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 suna da ita a duniya.

Alamunta ba baƙi ba ne a wurinmu: ciwon kai da safe, nauyin jiki wajen tashi Asuba, gyangyaɗi a lokacin huɗuba ko a aji. Tana da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga direban da ke ɗaukar fasinja daga Yawunde zuwa Ngaundere, ko ɗan acaɓa a cikin gari, gyangyaɗi na daƙiƙa kaɗan ya isa ya jawo asarar rayuka.

Wani likita ɗan Ostiraliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro wannan magani a birnin Sidni, aka wallafa sakamakonsa a 1981. Injin yana tura iskar ɗaki ta cikin tiyo zuwa hanci da ɗan matsi, galibi tsakanin lamba 4 da 20 a ma'aunin na'urar, sai iskar ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Tana aiki ne a daren da aka sa ta kawai. Daren da aka ajiye ta, cutar ta dawo. Shi ya sa jin daɗin takunkumin yake da muhimmanci.

Wanki na kullum da na mako

Ɓangaren da ke taɓa fata roba ce mai laushi ta silikon. Maiƙon fuska da gumi suna sa ta santsi, ta riƙa zamewa, iska ta riƙa tsiyaya. Mai ita sai ya ƙara ɗaure igiya, daga nan ciwo ya fara. Saboda haka gyaran farko shi ne wanki.

Kowace safiya, bayan dawowa daga masallaci, a cire robar a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa kan tsumma mai tsabta. Rana tana busar da roba ta tsage. Sau ɗaya a mako a wanke tiyo, da firam ɗin takunkumin, da igiyoyin kai, da tankin ruwa. Igiyoyin da hannu ake wanke su, ba a murɗe su, ba a yi musu guga. Tiyo a rataye shi bakinsa biyu suna kallon ƙasa har ruwan ya tsane. A watannin ruwan sama na Yawunde, daga Maris zuwa Yuni da kuma Satumba zuwa Nuwamba, kaya ba sa saurin bushewa, don haka a yi wankin da sassafe. Tiyo mai laima gidan funfuna ne.

Kada a yi amfani da ruwan javel, ko alkol, ko omo, ko tafasasshen ruwa. Suna cinye robar, abin da ya rage a jikinta kuma huhu ne zai shaƙa. Akwai kuma akwatunan da ake tallatawa wai suna tsabtace CPAP da iskar ozon ko hasken UV. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2020. Ruwa da sabulu sun wadatar.

Tankin da ke jiƙa iska an fi so a zuba masa tataccen ruwa, wanda a farmasi ake kira eau distillée. Kada a ɗauko ruwan batirin mota. Idan an rasa na dare ɗaya ko biyu, a tafasa ruwa a bar shi ya huce, amma zai bar farin gari a tankin, wanda ake cirewa da ruwan khal da aka sirka da ruwa mai yawa. A zubar da ragowar ruwan kowace safiya.

A bayan injin akwai matacin iska. Jar ƙurar garin nan, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, da hayaƙin tukubar masu tsire na unguwarmu, suna saurin toshe shi. A duba shi kowane mako, idan ya yi dauɗa a canza. Duk abin da ke cikin iskar ɗaki injin zai zuƙa ya tura hanci, saboda haka kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a kusa da shi, kuma kada a ɗiga turare ko man zafi a tankin.

Yadda ake daidaita ɗauri

Yawancin masu amfani da shi suna ɗaurewa fiye da kima. An yi robar ne ta yadda iska za ta kumbura ta, ta manne da fata da kanta. Idan aka matse ta sai ta lanƙwashe, tsiyayar ta ƙaru. A sa takunkumin a zaune, igiya a sake, sannan a kwanta yadda aka saba barci, a kunna injin, a riƙa jan igiyoyin kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai. Yatsa ya iya shiga ƙarƙashin igiya ba da wahala ba. Idan iska ta tsiyaya da dare, a ɗan janye robar daga fuska a mayar da ita, kafin a taɓa igiya. Shatin da bai ɓace ba bayan awa ɗaya ko biyu da tashi, alama ce ɗaurin ya yi yawa ko girman bai dace ba, domin robar tana zuwa da ƙarama, matsakaiciya da babba.

Alwala kafin kwanciya tana taimakawa, don tana wanke maiƙon fuska, shaƙa ruwa da facewa kuma suna buɗe hanci. A tsane fuskar sosai. Basilin da man kaɗanya a bar su sai da safe, domin suna hana robar kamawa, basilin kuma yana lalata ta.

Masu gemu su kwantar da hankalinsu. Takunkumin hanci ba ya kaiwa haɓa, a kan leɓen sama yake zama, don haka rage gashin baki, wanda dama sunna ce, yakan wadatar. Idan har yanzu yana tsiyaya, akwai nau'in da ke zama a bakin ƙofofin hanci kaɗai. Wanda yake tashi da busasshen baki kuwa, bakinsa ne ke buɗewa iska na fita. Akwai maɗaurin haɓa don haka, ko likita ya canza masa zuwa mai rufe hanci da baki. Kada ya liƙe bakinsa da salatif da ra'ayin kansa.

Gyaran da ya halatta da wanda bai halatta ba

Ana iya yanka ƙyallen auduga mai laushi, kamar na tsohuwar singileti mai tsabta, a yi masa rami daidai hanci, a sa tsakanin fata da roba, a riƙa wanke shi kullum. Ana iya naɗe igiyoyin kumatu da yadi mai taushi. Ana iya rataye tiyo a ƙusa sama da kan gado don kada ya riƙa jan takunkumin idan an juya. Idan ruwa yana taruwa a tiyo, a ajiye injin ƙasa da tsayin kai, a naɗe tiyon da ƙyalle.

Abin da ba a taɓawa shi ne ƙananan ramukan da iska ke fita ta cikinsu a gaban takunkumin. Wasu suna zaton ɓaci ne su toshe da gam ko salatif. Ta nan gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar take fita. Toshe su yana sa ya sake shaƙar ta, kuma haɗari ne ga rai. Saboda wannan dalilin ne ma, idan aka ɗauke wuta injin ya tsaya, a cire takunkumin. Mai hali ya tanadi batirin da ya dace da injinsa.

Kada a canza lambar matsin iska ba da sanin likita ba. Kada a yi aron takunkumi ko a sayi na gwanjo. Wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya, ko mai kwana kusa da shi ke da ita, ya guji takunkumi mai maɓallin maganaɗisu. Kamfanonin Philips da ResMed sun fitar da gargaɗi a kan haka a 2022 da 2023. Roba kuma tana tsufa: idan ta yi tauri, ko ta tsage, ko ta yi rawaya, wanki ba zai dawo da ita ba. Igiyoyi sukan saki bayan kamar wata 6.

Lokacin komawa asibiti

Gyambo a karan hanci, haɓo, kumburin ciki da iska, jan ido, ko dawowar minshari da gyangyaɗi duk da ana amfani da na'urar, dalilai ne na komawa wurin likitan da ya rubuta ta, a tafi da injin da takunkumin. Wanda kuma iyalinsa suka shaida masa numfashinsa yana tsayawa cikin barci, ya nemi likitan huhu, kamar na Asibitin Jamot da ke nan Yawunde. A sa na'urar a duk barci, har da ƙailula da barcin bayan sahur, a kuma tafi da ita a jakar hannu idan za a yi tafiyar Hajji ko Umara.

Ɗalibai da matasa, ku taimaka wa iyayenku da kakanninku da wankin mako da karanta takardar bayanin da ta zo da na'urar, domin galibi da Faransanci ko Turanci take. Lafiya amana ce a wuyanmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa barcinmu ya zama hutun da zai ƙarfafa mu a kan ibada. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.