Ayu Na Ƙarewa A Kogunanmu

Mutane da yawa sun san man ayu a teburin masu kayan mata, amma kaɗan ne suka taɓa ganin dabbar da idonsu. Ayu ba kifi ba ne. Dabbar ruwa ce mai shayar da ɗanta nono, takan leƙo da hanci saman ruwa ta shaƙi iska, abincinta kuwa ciyawar ruwa. Babba yakan kai tsawon mita uku. Ana samunsa a Kogin Kwara da Binuwai, da Tafkin Pandam a Jihar Filato, da Tafkin Lere a ƙasar Chadi.

Abin da ya sa ayu ke saurin ƙarewa shi ne jinkirin haihuwa. Macen takan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, ba za ta sake haihuwa ba sai bayan shekara biyu ko fiye. Idan aka soke uwa da mashi don nama da mai, ɗan da ke shan nono ma ya tafi. Wani kuma ya faɗa cikin koma, ya kasa ɗagowa ya sha iska, ya mutu a ciki.

Madatsun ruwa sun ƙara tsananta lamarin. Na Kainji da aka kammala a 1968 da na Lagdo a Kamaru a 1982 sun datse hanyoyin da ayu ke bi. Da rani idan ruwa ya janye, sai ya maƙale a ƙananan tafkuna, mafarauta su same shi a ɓagas.

Doka ta hana. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta haɗa da ayu, kuma a 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Sai dai masunci ya fi jin maganar Sarkin Ruwa fiye da takarda daga Abuja. A Argungu an daɗe da hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi ya zo, shi ya sa kifin wurin ke girma. Sarakunan ruwa na iya yi wa ayu irin wannan shinge.

Kai kuma mai saye, ka sani cewa kuɗinka ne ke tura mafarauci kogi. Ka daina sayen man ayu, kuma ka faɗa wa na kusa da kai.