KWAMFUTARKA TA ƘI TASHI? KADA KA YI GAGGAWAR KAI TA IKEJA

'Yan'uwa mazauna Kurmi, yau da yawa daga cikinmu da kwamfuta suke neman abinci: 'yan canji, masu lissafin kaya a Mile 12, da ɗalibai. In ta tsaya, ciniki ya tsaya. Sai a ruga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a biya kuɗi mai yawa, alhali wani lokaci datti ne kawai.

A gida Arewa ƙura ce abokiyar gaba. A Ikko kuwa ga ƙura ga danshi, ga iskar teku mai gishiri. Su ke sa tsatsa a bakin ƙarafan na'ura, har wuta ta kasa wucewa.

To, da farko a kashe ta, a zare waya daga soket, a cire batir in yana ciruwa. A taɓa wani ƙarfe kafin a sa hannu ciki, domin ɗan lantarkin da ke jikin mutum yana iya ƙona ƙananan sassa.

Akwai ɗan siririn allo da masu gyara ke kira ram. In kwamfuta ta kunnu amma fuskarta baƙi ƙirin, a zare shi, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da robar goge fensir, a hankali, a kakkaɓe, a mayar. Sau da yawa shi ke nan. Fanka kuma a share ta da tsohon buroshin haƙori busasshe, a riƙe ta kada ta juya. Inda ya yi tsatsa a shafa sifirit na kemis da auduga, a bari ya bushe sarai.

Amma fa wadansu dabarun ɓarna ce. Man goge baki ba ya maye gurbin man da ke ɗauke zafin ƙwaƙwalwar na'ura. Bushewa yake yi, zafi ya ƙaru. Na'urar busar da gashi tana narka roba. Binne abin da ya jiƙe cikin shinkafa kuwa, a 2024 jaridu sun baza gargaɗin kamfanin Apple cewa ɓurɓushinta yana shiga waya ya yi lahani. Haka yake ga kwamfuta.

In batir ya kumbura, ko an ji ƙauri, kada a taɓa, a kai wa gwani. Kuma a riƙa kwafe lissafin ciniki a ajiye waje daban, domin na'ura tana sayuwa, bashin da aka manta kuwa sai dai haƙuri.

Allah ya ba mu sa'a, amin.