MU KOYA WA YARA SANIN DAJI

Manoman Ɗan Kassari, yaron da bai san sunan icce ba, ba zai ji tausayinsa ba ranar da ya riƙe gatari. Saboda haka idan za ku gona, ku tafi da yaranku, ku nuna musu.

Kowane icce da wurinsa. Sabara tana son jigawa. Geza tana fita bisa tudu mai tsakuwa. Gawo ya fi yawa cikin Dallol Mawri, inda ruwa yake kusa. Yana zubar da ganye da damina, shi ya sa hatsi yake kyau ƙarƙashinsa. Da rani awaki suna cin 'ya'yansa.

Dabbobi ma haka. Zomo da fakara suna ɓuya cikin sabara. In an sare ta ƙaf, sai su gudu. Bushiya tana cin ƙwari. Mujiya tana cin ɓeraye masu ɓarnar rumbu. Balbela tana cin fara. Ku hana yara harbinsu.

Ku gargaɗe su: nonon tumfafiya yana ɓata ido. 'Ya'yan anza kuwa ba a dafa su sai an jiƙa su kwanaki, ɗacin ya fita.

Lokacin sassabe, ku bar wa kowane yaro toho guda ya kula da shi. Tun 1975 ake bikin shuka itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta. A ba yaro nasa ya dasa, ya kange shi da ƙaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.