Sharhi: Me ya sa zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da baƙo a Jalingo?

A kowace shekara birnin Jalingo na karɓar baƙi iri-iri. Akwai masu yi wa ƙasa hidima da ke sauka a sansanin Sibre, da ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba, da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, da kuma 'yan asalin jihar mazauna Turai da Amurka da ke zuwa ganin gida. Da yawansu kan samu masauki a unguwanni irin su Mayo Gwoi, wadda ta samo sunanta daga kogin da ya ratsa ta, domin "mayo" da Fulatanci na nufin kogi.

Mayo Gwoi da Lamurde su ne manyan kogunan da ke kwashe ruwan birnin zuwa Binuwai. Da damina, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, sukan cika su batse, in sun janye su bar kududdufai a gefen gidaje da gonaki. A irin wannan ruwa mai kwanciya da rana ke bugawa ne sauron Anofilis ke zuba ƙwai, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma na yanayin zafi ƙwan ya zama sauro mai tashi.

Macen sauron ce ke cizo, galibi daga faɗuwar rana zuwa asuba. Ƙwayar cutar da take ɗauka, wadda masana ke kira falsifarum, takan fara ɓuya a hanta kafin ta bazu cikin jini. Shi ya sa ba a jin komai sai bayan aƙalla mako guda, yawanci kwana 10 zuwa 15 da cizon.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa an kamu da cutar sau miliyan 263 a duniya a 2023, mutum 597,000 suka rasu. Nijeriya kaɗai ce ke da kusan kashi 26 cikin ɗari na masu kamuwa da kimanin kashi 31 cikin ɗari na mace-macen.

Sai dai cutar ba ta yi wa kowa kamu ɗaya. Wanda ya tashi a inda sauro ke cizonsa kowace damina, jikinsa kan saba har ya samu wata 'yar garkuwa. Ba ta hana shi kamuwa, amma tana rage tsananin ciwon. Wannan garkuwa ba ta dawwama; in mutum ya yi shekaru a ƙasar da babu cutar, sai ta raunana. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan Jalingo da ya shekara goma a Landan, in ya dawo yana kwana ba gidan sauro saboda a nan aka haife shi, yana jefa kansa cikin haɗari irin na ƙaramin yaro.

Ko a cikin Taraba akwai irin wannan bambanci. A kan tsaunin Mambila, inda tudu ya kai kimanin mita 1,600, sanyi na rage saurin girman ƙwayar cutar a cikin sauro, don haka mai saukowa daga Gembu zuwa kwarin Binuwai na iya zuwa da garkuwar da ba ta kai ta ɗan gari ba.

Tarihin wannan yanki ma ya shaida hakan. A 1841 ayarin Turawan Ingila ya shiga kogin Neja, zazzaɓi ya kashe fiye da 40 daga cikinsu. A 1854 likita William Baikie ya jagoranci jirgin ruwa mai suna Pleiad, tare da Samuel Ajayi Crowther, suka haura Binuwai har ƙasar Muri, masarautar da Jalingo ce fadarta a yau. Baikie ya sa mutanensa shan kwinin kullum, suka koma ba tare da rasa ko mutum ɗaya ba. A lokacin ba a ma san sauro ne ke yaɗa cutar ba, sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar a cikinsa.

Darasin bai canja ba. Mai zuwa daga ƙasar waje ya kamata ya ga likita tun kafin ya taso, domin magungunan kariya ana fara su kafin tafiya, a ci gaba da sha bayan komawa, wasu na mako guda, wasu na mako huɗu. Kowane baƙo kuma na buƙatar gidan sauro mai magani, da raga a tagogi, da tufafi masu rufe hannu da ƙafa da yamma.

Idan zazzaɓi ya zo, a fara da gwajin jini, wanda ba ya wuce minti 20. Nijeriya ta daina dogaro da kulorokwin tun 2005 saboda cutar ta daina jin sa. Yanzu ana amfani da haɗin magani mai sinadarin atemisinin, wanda dole a shanye shi na tsawon kwana uku ko da an ji sauƙi. Amai ba ƙaƙƙautawa, suma, jijjiga, rikicewar hankali ko fitsari mai duhu alamu ne na a garzaya asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Wanda kuma zazzaɓi ya kama bayan ya koma ƙasar waje, ya gaya wa likita inda ya fito, domin likitan can ba lallai ya kawo maleriya a ransa ba.

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Akwai sauron Edis mai ɗigon fari, wanda ke cizo da rana, yana hayayyafa a tsofaffin tayoyi, randuna da gwangwanaye. Shi ke yaɗa shawara, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, da zazzaɓin dengi da aka tabbatar a Sakkwato a ƙarshen 2023. Shawara na da allurar rigakafi da ake yi sau ɗaya a rayuwa.

Da rani, in ruwan Binuwai ya ja baya, tsibiran yashi kan bayyana a wurare irin su Lau, baƙi su shiga kwalekwale su je shan iska. Mai irin wannan fita ya dawo kafin magariba, ya kuma guji wanka a ruwan da ba ya gudu, inda ake ɗaukar tsargiya.

Allurar rigakafin maleriya da Nijeriya ta fara bayarwa a Disambar 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa ta ƙananan yara ce, ba ta manya matafiya ba. Don haka mai masauki a Mayo Gwoi da ya shimfiɗa wa baƙonsa gado, ya haɗa masa da gidan sauro tun daren farko.