Famfon Insulin: Wa Ke Samunsa, Wa Ke Biya?

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Wanda ake kira nau'i na ɗaya yakan kama yara da matasa, kuma dalilinsa shi ne jiki ya daina yin insulin, watau sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka da sauran sassan jiki. Kafin shekarar 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace wannan sinadari a birnin Toronto na ƙasar Kanada, duk yaron da ciwon ya kama sai dai a jira ajali. Ran 11 ga watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa. Tun daga nan rayuwar masu wannan ciwo ta rataya ga allura, sau da yawa har huɗu a yini.

To, famfon insulin an ƙera shi ne don ya maye gurbin waɗannan allurai. Na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, ana rataya ta a ƙugu. Wani siririn bututu ke fita daga gare ta ya shiga ƙarƙashin fatar ciki, tana ɗiga insulin kaɗan-kaɗan dare da rana, in an zo cin abinci mai ita ya ƙara adadin da ya dace. Wadda Dokta Arnold Kadish ya haɗa a Amurka a farkon shekarun 1960 girmanta ya kai jakar da soja ke goyawa. A 1978 likitocin asibitin Guy's da ke Landan, John Pickup da Harry Keen, suka nuna ana iya yin aikin da ƙaramar na'ura. A 2016 kuwa Amurka ta amince da famfon da ke aiki tare da wani ɗan ma'auni da ake mannawa a fata, yana auna sukari, famfon yana ƙara insulin ko ya rage da kansa.

Sai dai samunsa ba abu ne mai sauƙi ba, ko a ƙasashen da suka ci gaba. A Ingila, inda gwamnati ke biyan kuɗin magani, hukumar NICE ce ke tsara wanda ya cancanta. Ƙa'idarta ta 2008 ta ce babba ba zai samu ba sai allura ta kāsa, watau sukarinsa na yawan faɗuwa har ya hana shi sukuni, ko kuwa awon da ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku ya tsaya a kashi 8.5 cikin 100 ko fiye. A watan Disamba na 2023 hukumar ta buɗe ƙofar sabon famfon mai sarrafa kansa ga yara da matasa, da mata masu juna biyu, da manyan da awonsu ya kai 7.5. Duk da haka, shekara biyar aka ɗiba daga 2024 don a kai shi ga kowa, saboda sai an horad da ma'aikata tukuna.

Nan ne darasin yake. Famfo ba abin da ake saye sau ɗaya a huta ba ne. Kuɗinsa dala dubbai ne, bugu da ƙari bututun da ke shiga fata sai an sake shi duk kwana biyu ko uku. Kuma insulin mai saurin aiki kaɗai yake ɗauka, don haka in bututun ya toshe, ko kayan suka yanke, cikin 'yan sa'o'i guba na iya taruwa a jini ta kai mutum ga suma. Dole ne a sami likita da nas waɗanda suka san na'urar, a kuma ajiye allura kusa don ko ta kwana.

A Nijeriya, famfon da kayansa duk daga waje ake shigo da su, kuma ko da yake dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, yawancin jama'a daga aljihunsu suke biyan magani. Ga iyaye da dama damuwar ita ce insulin na wata mai zuwa, da abin auna sukari, da inda za a ajiye maganin ya yi sanyi in babu wutar lantarki, har wasu kan sa shi cikin randa.

Saboda haka iyalin da ke shawarar sayen famfo ya kamata su fara tambayar likitansu abu uku: ina za a riƙa samun bututu ba yankewa, wa zai koyar da aikinsa, wa kuma za a kira da tsakar dare in ya tsaya. Hukumomin lafiya su ma aikin da ke gabansu shi ne su tabbata insulin da ma'auni sun wadata a asibitoci cikin farashi mai sauƙi, domin a kan wannan harsashi ne famfon ke zama.