Kafin Ki Yi Fushi, Saurari Muryar Kalma

'Yan uwana mata, wata ƙawata ta kwana tana kuka a kan kalma biyu rak. Saurayinta ne ya turo mata saƙo: "Na zo gidanku Juma'a." Ita kuwa ta ɗauka ya zo aka ɓoye mata, har ta wanke ƙanwarta tas. Ashe bawan Allah nufinsa zai zo ne!

Rubutunmu na boko ba ya nuna hawa da saukar murya. In kika ɗaga "na" kika ja ta, an riga an zo. In muryar ta hau ta gangaro, to alkawari ne. Haka wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar rayuwa, ko kukan ido da kukar miya.

Kalmominmu kuma suna sauya kama. Daga "so" aka samu soyayya, masoyi, masoyiya da masoya. "Ya sayi zobe" daban, "ya sayo miki" daban, "ya sayar" kuwa sai ki binciki dalili.

Don haka 'yar uwa, maimaita saƙon da bakinki tukuna. In ya shige miki duhu, tambaye shi. Ke kuma rubuta "zan zo", ki huta.