Sauya Batirin Tocila: Abin Da Mai Gyara Ya Kamata Ya Cire Kafin Ya Saka

Lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya a watan Yulin 2023, bayan juyin mulkin Nijar, harkar tsallake kogi ta koma hannun masu kwale-kwale, kuma ba kowa ne ke jiran gari ya waye ba. Ga masunta da ke duba koma cikin dare, ga manoman albasa da shinkafa da ke ban ruwa kafin asuba, ga mai shayi da mai tsire a bakin tasha. Duk waɗannan da tocila suke aiki, kuma kusan dukkansu irin ta China ce mai araha, wadda ake zubawa a kan tabarma a babbar kasuwar Malanville. Kukan da ake yi da ita iri ɗaya ne: satin farko tana haska har tsallaken hanya, bayan ƴan watanni sai ta koma kamar idon mage.

Masu gyaran rediyo da waya sun daɗe da gano cewa yawanci ƙwan bai mutu ba. Ƙwan LED abu ne mai ƙarko. Farinsa ya shigo kasuwa ne a 1996, bayan aikin wasu Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin LED. Abin da ke mutuwa shi ne batir.

Buɗe tocilar caji, irin mai haƙora biyu da ake turowa a soka a bango. A ciki za ka tarar da wani ɗan akwati mai nauyi, an rubuta 4V a jikinsa. Batirin dalma ne, ɗan'uwan na babur. Yana da abokan gaba biyu, kuma duka biyun suna Malanville. Na farko, a bar shi babu caji kwana da kwanaki saboda an ɗauke wuta. Farantan cikinsa sai su yi gishiri su daina karɓar caji. Na biyu, a bar shi a soke har gobe cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40. Ruwan cikinsa sai ya ƙafe. Cajar da aka haɗa masa ba ta san cika ba, turawa kawai take yi.

Gyaran da ya fi amfani shi ne a cire wannan akwati a saka batirin lithium mai lamba 18650. Lambar girmansa ce: faɗi milimita 18, tsawo 65. Shi ne ke jere a cikin batirin tsofaffin kwamfutocin cinya da wasu fawa-bank, shi ya sa ake samunsa a teburin masu gyara. Idan ya cika yana ba da volt 4.2, yana aiki a wajajen 3.7, wanda ya yi daidai da abin da tocilar ta saba ci. Bai kai na dalma nauyi ba, kuma mai kyau yana ɗaukar caji sau ɗaruruwa. Hasken da mutane ke cewa "ya ƙaru" bayan wannan sauyi, mafi yawansa hasken asali ne ya dawo, ya kuma tsaya ba ya dushewa da wuri.

To a nan ne ake yin kuskuren da ke ƙona ɗaki. Mai gaggawa zai yanke wayoyi biyu na tsohon batir, ya liƙa su a sabon, ya rufe, ya karɓi kuɗinsa. Tocila za ta kama, kowa ya yi murna. Amma tsohuwar cajar nan da ba ta san cika ba tana nan ciki. Batirin dalma idan caji ya yi masa yawa, lalacewa yake yi a hankali. Na lithium idan aka tura shi ya wuce 4.2, zafi yake ɗauka, ya kumbura, wani lokaci ya yi feshin wuta wadda ke da wuyar kashewa. Kuma da dare ake soka tocila a caji, kusa da katifa, mutane na barci. Saboda haka haƙoran nan biyu da ɗan allon da ke bayansu dole a cire su gaba ɗaya, kada ma wani yaro ya soka ta a wutar 220 bisa sabo.

A madadinsu ana saka wani ɗan allo da bai kai ɗan yatsa ba, ana kiransa TP4056. Yana karɓar wuta daga cajar waya ko ƙaramin faifan sola mai bakin USB, yana nuna jan haske lokacin caji, ya tsaya da kansa a 4.2. Iri biyu ne a kasuwa. A nemi mai kariya, wanda ban da wurin batir (B+ da B-) yana da wurin fita daban (OUT+ da OUT-). Shi ne ke yanke wuta idan batir ya kusa ƙarewa ƙaf ko wayoyi suka haɗe. Idan ka kai gyara, ka ce, "Malam, nuna mini allon cajin da za ka sa." Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Sai maganar batirin kansa, inda araha ba ta ado. Manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG ba su wuce wajajen 3500 mAh a wannan girma ba. Duk 18650 da ka ga an buga masa 8800 ko 9900 a jiki, ƙarya ce tsagwaronta. Ɗauke shi a tafin hannu: na gaske yana kai giram 45, na jabu sau da yawa sakayau yake. Ni a ganina tsohon da aka ciro daga kwamfuta, idan an auna shi da mita, ya fi sabon jabu mai ƙyalli. Sharaɗin shi ne kada ya nuna ƙasa da volt 2.5, kada rigarsa ta roba ta yage, kada ya yi zafi a caji. Kuma kada a ɗora ƙarfen dalma mai zafi kai tsaye a kan batir. A liƙa waya a jikin ɗan ƙarfen da ya zo da shi, ko a sa shi a mazauninsa na roba.

Masu son haske fiye da na asali suna cire resisto, ɗan abin nan mai zane-zanen launi da ke rage wa ƙwai wuta. Haske kan ƙaru, na ɗan lokaci. Ƙananan ƙwayaye masu kan gilashi an yi su ne don miliamp 20 kowanne. Idan aka ɗura musu fiye da haka sai su yi shuɗi-shuɗi, su fara ƙiftawa, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ta fi ita ce a sauya su da ƙwai guda mai wat 1, wanda ke cin miliamp 350, a sa masa resisto na om 3 ko kusa da haka, a kuma manna bayansa a kan guntun alminiyam don ya sha zafin. A jikin tocilar roba zafi ba shi da wurin zuwa, don haka mai wat 3 ya fi dacewa da mai jikin ƙarfe. Lissafin kuma a fili yake: batirin 2500 mAh zai riƙe mai wat 1 kusan awa 7, amma idan aka ninka wutar sai awannin su rabu biyu. Ido kuwa ba ya ganin ninkin haske a matsayin ninki. Sai ya kai kamar sau huɗu kafin ka ce ya ninka. Ga masunci da zai kwana a ruwa, awannin sun fi masa. Sau da yawa ma goge gilashi da madubin cikin kai yana dawo da hasken da ake nema.

Mai tocilar ƙananan pil, wato AA, ya kula da wani batir mai lamba 14500. Girmansu ɗaya, yana shiga daram, amma volt 3.7 ne maimakon 1.5, kuma yana iya kashe ƙwan nan take. Na caji da ya dace da irin wannan tocila shi ne NiMH mai 1.2.

Bayan gyara, kada a bar tocilar a kan kwanon rufi ko cikin akwatin babur da rana, kada a yi cajin lithium idan jikinsa da zafi, kuma mai shiga ruwa ya toshe ramin USB da ɗan salatif. Tsohon batirin dalma da aka ciro kuwa guba ne. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. Kada a jefa shi kogi ko a bar wa yara su fasa. A kai wa masu sayen tsofaffin baturan mota da babur, su suna haɗa shi da nasu.